Wace Taya Za Mu Saya Wa Motar Ƙungiya Kafin Damina?

 A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da kwamitoci da yawa su kan bar wa direba da mai faci su kaɗai, watau tayar mota. Ƙungiya ta kan yi zama uku kafin ta sayi taki, ta yi muhawara mai tsawo a kan irin shuka, amma ran da taya ta fashe sai a miƙa wa direba kuɗi a ce ya je ya samo mai araha. Ga shi kuwa a bisa waɗannan tayoyi huɗu takin zai hau, da hatsin, da marar lafiya da za a kai asibiti da dare, da mu kanmu.

Maganarmu ta fi shafar ƙungiyoyi masu a-kori-kura ko jif, irin su Hilux da Land Rover da makamantansu. Amma ƙungiyar da ba ta da mota, tana hayar ta wani, ita ma za ta amfana, gama ya kamata ta san abin da za ta duba kafin ta ɗora amfanin gonar mutum talatin a bayan motar da ba ta sani ba.

Hanyoyin da motarmu ke bi

Kafin a zaɓi taya sai a tambayi hanya. Motar ƙungiya a wannan yanki tana bin hanya iri uku, wani lokaci duka a rana ɗaya.

Akwai kwalta, kamar wadda ta taso daga Mayanci ta bi ta Anka da Daki Takwas ta shiga Gummi. A kanta a ke gudu, kuma a kanta taya ke ɗaukar zafi, musamman a watan Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin rana ya kan wuce digiri 40.

Akwai hanyar burji da marmara da tsakuwa. Ita ce mai cin gefen taya. Dutse mai kaifi, da kututturen da aka sare a bakin gona, da ƙaya, duk a nan su ke.

Sa'an nan akwai hanyar fadama da ta ƙauyukan da ke kusa da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da rafukan da ke zuba cikinsu. Da rani yashi ne, da damina laka ce mai kama ƙafa. Daga Yuli zuwa Satumba wasu garuruwa su kan zama kamar tsibiri. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara da yawa. Masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma, duk da motocinsu masu ƙarfi, sai da su ka dakatar da aiki da ruwa ya sauka sosai, ba su ci gaba a sauran ƙauyuka ba sai ƙarshen damina. In laka ta tsayar da irin waɗannan, tsohuwar a-kori-kura mai suɗaɗɗiyar taya fa?

Akwai kuma abin da dukanmu mu ka sani. A 'yan shekarun nan hanyoyinmu ba su da tsaro. Dā in taya ta yi faci a daji, wahala ce da ɓata lokaci. Yanzu motar da ta tsaya a wurin da bai kamata ba da la'asar sakaliya, ran mutanen da ke cikinta ne a hannu. Saboda haka zaɓen taya ya wuce maganar direba. Maganar ƙungiya ce.

Taya iri uku

Masu yin tayar manyan motoci irin namu sun kasa ta kashi uku bisa ga zanen da ke fuskarta. Sau da yawa su kan rubuta haruffan a jikinta kusa da suna.

Ta fari ita ce H/T, tayar kwalta. Zanenta ƙanana ne, a matse, da layuka masu zagaya taya. Ba ta da ƙara, ba ta sa mota shan mai, tana kama birki da kyau a jiƙaƙƙiyar kwalta. Amma da ta shiga laka sai ramukan zanen su cika, ta zama sumul kamar gindin tukunya, ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Ta biyu ita ce M/T, tayar laka. Haƙoranta manya ne, da fili tsakaninsu, domin in tana juyawa ta riƙa watsar da lakar da ta ɗauka. A fadama babu kamarta. Amma ta fi tsada, tana kuka a kwalta, tana ƙara shan mai, tana saurin cinyewa in tafiyar kwalta ta yi yawa, kuma in an taka birki a jiƙaƙƙiyar kwalta ta kan ja nisa kafin ta tsaya.

Ta uku ita ce A/T, tayar kowace hanya. Tana tsakanin biyun. Haƙoranta sun fi na tayar kwalta girma da zurfi, gefenta ya fi kauri, amma ba ta ƙin kwalta. Ba ta kai M/T a laka mai zurfi ba, ba ta kai H/T laushin tafiya ba, amma babu inda za ta kunyata ku gaba ɗaya.

Shawararmu ga yawancin ƙungiyoyi ita ce A/T. Motar da za ta ɗauko taki daga Gusau da safe, ta sauke shi a ƙauye bayan Gwashi ko Bagega ko Gayari da azahar, tana bukatar taya mai iya duka biyu. Ƙungiyar da motarta kusan ba ta hawa kwalta, aikinta fitar da shinkafa daga fadama, ita ce za ta yi tunanin M/T. Wadda kuwa motarta ba ta sauka daga kwalta, H/T ta ishe ta, kada ta ɓata kuɗi.

Tayar ƙasashen sanyi a kasuwarmu

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙasashen Turai da arewacin Amurka, abin da ke damun direba ba laka ba ne, dusar ƙanƙara ce. Da hunturunsu ta kan rufe hanya, ruwa ya daskare a kan kwalta, mota ta riƙa sulɓi. Domin haka su ke yin wata taya ta musamman. Robarta mai laushi ce ƙwarai, an haɗa ta ne domin kada ta sandare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Fuskarta cike ta ke da tsage-tsage sirara kamar an yi da reza, su ne ke kama ƙanƙara. A Jamus, tun 2010 doka ta hana fita da mota a kan ƙanƙara in ba da irin wannan taya ba. A Ostiriya kuwa, in zurfin zanenta ya ragu ƙasa da milimita 4 ba a ƙara lissafa ta cikin tayar hunturu. Sai mai ita ya cire ya sayi sabuwa.

Ina waɗanda aka cire su ke zuwa? Da yawa su kan shiga jirgin ruwa su sauka a Afirka ta Yamma, su biyo 'yan kasuwa har shagunan Kano da Sakkwato da Gusau, cikin tayoyin hannu da mu ke kira 'yan Beljiyam. Mai saye ya ga zane da sauransa, ya danna da yatsa ya ji laushi, ya ce ya yi sa'a. Amma robar da aka yi domin sanyin da ke daskarar da ruwa, in ta hau kwaltar Daki Takwas a watan Afrilu da buhu goma a baya, sai ta ƙara laushi fiye da kima. Tana cinyewa da sauri, mota ta kan yi lilo a kwana, birki ba ya kamawa yadda ya kamata. Haƙoranta kuma ba na laka ba ne. Tsage-tsagen nan sirara nan da nan laka ta ke toshe su.

Yadda za ku gane ta:

1. Dubi fuskarta. In kowane haƙori yana da tsage-tsage da yawa a karkace kamar zanen ƙwarya, ta ƙanƙara ce.
2. Dubi sunanta. In kun ga Winter, ko Snow, ko Ice, ko Alpin, ko Nordic, ko Studless, ku ajiye ta.
3. Dubi ko akwai ƙananan ramuka a jere a fuskarta, ko guntayen ƙarfe kamar kan ƙusa. Na kama ƙanƙara ne, ba su da aiki a nan.

Akwai alamu biyu da ke ruɗa mutane. Ta ɗaya hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa. Ma'anarsa an gwada tayar a dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Kusan duk tayar hunturu ta zamani tana da shi, amma wasu tayoyin A/T masu kyau su ma suna da shi. Saboda haka hoton shi kaɗai ba ya hana saye, sai a haɗa da zane da suna. Ta biyu haruffan M+S. A Turance M na nufin laka, S na nufin dusar ƙanƙara. Mai shago ya kan nuna su ya ce tayar laka ce. Kada ku yarda. Haruffan nan suna jikin tayoyin kwalta da yawa, kuma ba a yi wa taya wani gwaji a laka kafin a buga su. Haka nan tayar da a ke ce wa ta kowane lokaci, watau rani da hunturu na Turawa, yawancinta tayar kwalta ce. Lokutansu ba namu ba ne. Ba su lissafa watan Agusta a fadamar Gummi ba.

Karanta rubutun da ke gefen taya

Taya ta kan faɗi gaskiya game da kanta in an iya karanta ta. Abu uku za ku nema.

Na ɗaya, girma. A jikin ƙofar direba, ko cikin littafin mota, akwai takarda mai nuna girman da masu mota su ka yarda da shi. Misali 265/65 R17. Lamba 265 faɗin taya ne a milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, watau kashi 65 cikin ɗari na faɗin. Lamba 17 girman rim ne a inci, watau ƙarfen da taya ke zama a kai. Tsofaffin a-kori-kura da yawa suna ɗaukar 205 R16C, tsofaffin Land Rover kuwa 7.50 R16. Ku sayi girman da aka rubuta. Taya mai faɗi fiye da kima tana ba mota kwarjini, amma tana gugar jiki a kwana, tana wahalar da sitiyari, tana ƙara shan mai.

Na biyu, nauyin da za ta iya ɗauka. Bayan girma akwai lamba da harafi, kamar 112S. Lambar ba kilo ba ce, alama ce. Ga kaɗan daga ciki:

100 na nufin kilo 800
104 na nufin kilo 900
108 na nufin kilo 1,000
110 na nufin kilo 1,060
112 na nufin kilo 1,120

Wannan nauyin taya ɗaya ne, da cikakkiyar iska. Harafin da ke biye na gudu ne, kuma bai dame mu sosai ba, gama babu mai hankalin da zai kai shi a hanyoyinmu. Abin da ya dame mu shi ne kada lambar nauyi ta gaza wadda masu mota su ka rubuta. Ga motar kaya ku nemi taya mai harafin C a ƙarshen girma, ko LT a farkonsa, ko mai rubutu kamar 8PR. Waɗannan an yi su domin kaya, jikinsu ya fi ƙarfi, kututture ba ya huda su da sauƙi. Taya biyu su na iya zama girma ɗaya, amma ɗaya ta motar shiga ce, ɗaya ta kaya. Ta shiga ta fi araha, kuma ita ce ke fashewa a ƙarƙashin buhunan masara.

Na uku, shekaru. Ku nemi haruffan DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu, sau da yawa cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2423, an yi tayar a mako na 24 na shekarar 2023, watau cikin watan Yuni. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai a ke buga su, sai an juya taya. In lamba uku ce, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da amfani sai dai a yanka a yi takalmi ko guga.

An ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma ban da taya. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Rana da zafi su kan busar da ita, ta yi faso kamar dunduniya da hunturu, zaren cikinta ya saki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha faɗa wa direbobi su ɗauki shekara huɗu daga ranar da aka yi taya a matsayin iyakarta. Kamfanin Michelin ya ce bayan shekara biyar a riƙa kai ta wurin gwani kowace shekara, kuma kada ta wuce shekara goma ko da ta yi kyau a ido. A zafinmu da nauyin kayanmu, gara mu tsaya kusa da ƙaramar lambar. Sabuwar taya da za ku saya, ku nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu a shago ba.

Sabuwa ko ta hannu?

Dā a kan yi taya a ƙasar nan. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Ikeja a 2008. Tun daga nan tayar mota ta zama kayan da a ke shigo da shi daga waje, farashinta yana bin dala. Da darajar naira ta faɗi daga 2023 sai kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Ba mu ga laifin ma'ajin da ya ji farashin sabuwa ya dafa kai ba.

Amma mu yi lissafi irin na manoma. Abin da ku ke saye a taya zurfin zane ne, kamar yadda mai sayen gawayi ba buhun ya ke saye ba. Ga misali, ku sa naku farashin a maimakon namu. Mu ce sabuwar A/T tana da zurfin milimita 10, kuma ga hanyar laka za mu cire ta in ta sauka zuwa 3. Milimita 7 ke nan na aiki. Mu ce kuɗinta naira 100,000. Kowane milimita ya tashi kusan naira 14,300. Ta hannu kuma mu ce naira 40,000, da sauran zurfin milimita 5. Na aiki 2 ne kaɗai. Kowane milimita ya tashi naira 20,000. Wadda ta fi araha a baki ita ce ta fi tsada a hanya, ba mu ma sa kuɗin faci da ranakun da mota za ta zauna ba. Araha ba ta ado.

Ku sani kuma, tayar hannu tana cikin jerin kayan da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da su, in ban da wasu manya na tirela da a ke sake wa fuska a masana'anta. Abin da ya shigo ta bayan gida, babu wanda ya duba shi, babu kuma wanda zai amsa in ya fashe.

Wannan ba ya nufin sai kun sayi mai suna mafi tsada. Tsakanin manyan sunaye da tayar hannu akwai sababbin tayoyi masu matsakaicin kuɗi daga ƙasashen Asiya. Wasu nagari ne, wasu ba su da kirki. Hanyar ganewa ita ce tambaya. Ku je tasha ku tambayi direbobin a-kori-kura da ke bin irin hanyarku wace iri ce ta kai musu damina biyu. Ku tambayi mai faci wace iri ya fi gani da kumburi. Su ne ke da labarin da babu shi a takarda. Sabuwa mai matsakaicin suna, da kwanan wata na kusa da lambar nauyi daidai, ta fi tsohuwa mai babban suna.

Ranar saye

Kada mutum ɗaya ya je. A tura direba da ma'aji da wani mai karatu, su saya a shago tsayayye mai ba da rasit, a rubuta girma da lambar shekara ta kowace taya a kai. Su sa a kwance ledar da aka naɗe ta. Su duba waɗannan:

Bakin taya, inda ta ke kama rim. Wasu masu shigo da kaya su kan cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya domin rage kuɗin jirgi. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya ta sha kama irin wannan. Tayar da aka cusa ta kan fito da baki a karkace ko a buɗe, wayar cikinta ta lanƙwashe, ko da sabuwa ce.

Lambar shekara. In wurin ya yi kama da an kankare, ko an ƙona, ko lambobin ba su yi kama da sauran rubutun ba, an sake su.

In dole ta sa sai ta hannu, a ƙara dubawa. A leƙa cikinta da tocila a nemi tsohon faci, da wurin da roba ta yi gari, alamar an yi tafiya da ita ba iska. A shafa gefenta a ji ko akwai kumburi. A tanƙwara gefen a ga ko faso zai buɗe. A dubi gindin zanen: in ramukan ba su daidaita ba, ko ana hango zare ko waya, an sake yanka su ne da wuƙa mai zafi. A ɗauki tsinken ashana a sa kansa cikin ramin zane. In kan bai ɓace ba, wannan taya ba ta damina ba ce.

In kuɗi bai kai na huɗu ba

A sayi biyu iri ɗaya, a sa su a baya. A baya nauyin kaya ya ke, kuma in baya ta zame ko ta fashe mota ta kan juya, direba ba shi da iko da ita. A ran 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta fashe motar ta yi ta wuntsilawa. Babbar mota ce mai tsada, amma tsadarta ba ta tsayar da ita ba.

Kada a haɗa iri biyu a gefe da gefe, watau A/T a dama, H/T a hagu. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuma tana so dukan tayoyinta su zama girma ɗaya, in ba haka ba giyarta ce za ta biya. Mafi kyau daga cikin tsofaffin ta zama safaya. Safaya marar iska ko suɗaɗɗiya daidai ta ke da babu.

Iska da kaya

Taya mai kyau ma ta kan mutu da wuri a hannun mai sakaci. Abu biyu ne ke kashe ta, iska da lodi.

Kowace ƙungiya ta sayi gejin iska nata, ba shi da tsada, ya zauna a mota. Bugun taya da sifana ko da ƙafa ba awo ba ne. A auna da safe kafin mota ta motsa, sau ɗaya a mako, da kuma kafin doguwar tafiya. Yawan iskar yana rubuce a takardar jikin ƙofa, lamba ɗaya ta mota wofi, wata ta mota da kaya. In iska ta gaza, gefen taya yana lanƙwashewa a kowane juyi, ya ɗauki zafi, har ya rabu. In ta yi yawa, tsakiya ce ke cinyewa, kuma dutse ya fi saurin yanka ta. In an auna taya da zafi bayan tafiya za a ga lamba ta hau. Haka ya kamata, kada a rage.

A yashi mai zurfi ko laka, rage iska kamar kashi ɗaya cikin huɗu yana sa taya ta shimfiɗa ƙafa ta fita. Amma sai a tafi a hankali, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Wanda ba shi da famfo a mota, kada ya rage.

Game da lodi, yawancin a-kori-kura irin Hilux an yi su ne domin ɗaukar kimanin tan ɗaya, watau kilo 1,000, har da mutanen da ke ciki. Buhun taki 20 ke nan na kilo 50, ko buhun hatsi 10 na kilo 100, kafin a cire nauyin direba da yaran mota. Mun san da kaka a kan ɗora fiye da haka, a ce sawu ɗaya ya fi biyu. Ku lissafa kuɗin man sawu na biyu, ku lissafa kuɗin taya ɗaya, ku ga wanne ya fi.

A riƙa juya tayoyi, na gaba su koma baya, bayan kowace tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000. In gefe ɗaya na taya yana cinyewa fiye da ɗaya, ƙafafun mota sun karkace, a kai ta wurin masu saitawa. Hudar ƙusa a fuskar taya tana gyaruwa in ba ta wuce faɗin milimita 6 ba. Yanka ko kumburi a gefe ba ya gyaruwa. Ko mai faci ya ɗinke ya liƙe, wannan taya ta amalanken shanu ce daga ranar.

Abin da taya ba za ta iya ba

Kada sabuwar taya ta sa direba girman kai. A laka a sa giyar ƙafa huɗu tun kafin a shiga, a tafi da ƙarfi ɗaya, ba tsayawa ba gudu. In mota ta kafe kada a yi ta ba ta wuta, rami ta ke haƙa wa kanta. A sauka a rage kaya, a haƙe gaban taya, a shimfiɗa itace ko kara. Shebur da igiya mai ƙarfi da katakon da jak zai zauna a kai, su zauna a mota duk damina.

Ruwa mai gudu kuwa ba ya sanin A/T ko M/T. Wanda ya ga ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta 2024 ya san ƙarfin ruwan ƙasar nan. In rafi ya kawo har ya wuce gwiwa yana gudu, zai iya ɗauke jif. A jira ya janye. Kuma a tsara tafiya yadda ko an yi faci a hanya za a isa gida da sauran rana.

Aikin kwamiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin sayen taya bayan kaka ne, sa'ad da aka sayar da amfani kuma akwai kuɗi a hannu, ba watan Yuli ba da mota ta riga ta kwana a hanya. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta buɗe asusun taya dabam. A kan kowane buhu da mota ta ɗauka a cire wani abu kaɗan a ajiye, kada a taɓa shi domin biki ko rance. Ƙungiyoyi biyu ko uku masu mota iri ɗaya su na iya haɗa kuɗi su saya tare, mai shago zai yi ragi. Magatakarda ya buɗe shafi a littafi: ranar saye, suna, lambar shekara, da lambar tafiya da mota ta nuna a ranar. Bayan damina biyu littafin nan zai faɗa muku wace taya ce mai araha da gaske, ba sai kun tambayi kowa ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Cikin tafiya goma da motarmu ta yi, nawa ne a kwalta, nawa a burji, nawa a fadama?
2. Wa ya taɓa karanta lambar shekara a tayoyinmu biyar, har da safaya? A fita yanzu a karanta, a rubuta.
3. Akwai tayar ƙasashen sanyi a cikinsu?
4. Buhu nawa mu ka yarda a ɗora a sawu ɗaya, kuma wa zai hana in an so a wuce?
5. Nawa za mu cire a kan kowane buhu domin asusun taya, daga wane wata?

Ku aiko mana da abin da ku ka samu, musamman sunan tayar da ta yi muku aiki da wadda ta ba ku kunya, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.